Sunan Da Relja Ya Sa A Shafin Farko

Shafi na 19

Masu zagina a ƙarƙashin shafi na 18 don na bar Relja tsaye a ƙofar ofis, na ji, na kuma yafe. Wadda ta ce za ta zo har gida ta ƙwace wayata ta ƙarasa labarin da kanta, ƙofa a buɗe take, sai dai ki taho da garin gahawa, nawa ya ƙare.

Ga wanda yau ya fara biyo mu kuwa: Relja ya kashe shekara shida a jami'a, a nan Sabiya, yana rubuta kundin digiri na uku a kan Rani A Gidan Niƙa, tsohon littafin Jevrem Stanimirac ɗan garinsu Brestovnik, littafin da kowane yaro ke haddace wani yanki nasa kafin ya gama makaranta. A jami'arsu, kafin ɗalibi ya kare kundinsa, sai an buga wa kundin hatimi an ajiye shi a ɗakin karatu kwana talatin, duk wanda ya ga dama ya zo ya karanta, in ya ga abin ƙorafi ya rubuta. Kowa ya san babu mai zuwa. Kundi kan yi kwanakinsa ya sha ƙura a ɗauke shi. Na Relja ya yi kwana ashirin da bakwai lafiya, sai malamar da ke duba aikinsa ta aiko a kira shi.

*

"Ku shigo, abokin aiki. Ku rufe ƙofar."

Shekara shida Farfesa Dobrila tana ce masa Relja kawai, in ranta ya yi fari ma har "yaron nan" take cewa. Ba ta kiran ɗalibi abokin aiki sai ta riga ta wasa wuƙarta.

"Lafiya, Farfesa?"

"Da lafiya ce da na kira ku mu sha gahawa. Ku zauna."

Ya zauna a bakin kujera. Ta jawo aljihun tebur ta fito da farar ambulan, ta ajiye ta tsakaninsu, ta danne da yatsa ɗaya.

"Shekara ashirin da tara ina wannan sashe. Ƙorafi biyu na taɓa gani. Na farko wani tsoho ne da ke kwana a ɗakin karatu don ɗumi, ya rubuta cewa an sace masa tunaninsa. Na biyu ga shi nan."

"A kan nawa?"

"A kan babi na huɗu."

Ai dama. In ba babi na huɗu ba, me ke cikin kundin nan da zai tayar wa wani hankali? Sauran babukan ko limamin coci zai karanta su ya yi barci.

Shekara ɗari ana koyar da littafin nan hanya ɗaya. Arsa, mai ba da labarin, amintaccen aboki ne. Ya ba da labarin yadda amininsa Damnjan ya ga yarinya ya so ta ya aure ta, shi kuma ya tsaya masa a matsayin kum, wato mutumin da ke tsaye bayan ango a coci ya musanya wa ma'aurata zobe, daga baya ya raɗa wa 'ya'yansu suna, wanda a wurinmu ya fi ɗan'uwa na jini nauyi. Amana. Shi ke nan darasin, a rubuta a littafi a ci maki.

Relja kuwa ya ɗauko ra'in nan na masu karanta adabi ta idon mutanen da ke son jinsinsu, waɗanda zamaninsu bai ba su bakin faɗa ba. Masu ra'in sun ce kar ka tsaya ga abin da mai labari ya faɗa, bi idonsa, ka ga inda ya daɗe yana kallo da inda ya kawar da kai. Relja ya sa fensir mai launi ya bi idon Arsa shafi bayan shafi. Shafi goma sha ɗaya Arsa ya yi yana siffanta hannayen Damnjan a kan dutsen niƙa. Amarya layi biyu ta samu, ko launin idonta ba a faɗa ba. Ranar ɗaurin aure, daidai inda ya kamata ya ce ya sa musu zobe, sai Arsa ya ɓuge da bayanin wata tsaga a bangon coci har shafi huɗu. Relja ya rubuta ƙarara cewa Arsa son Damnjan yake yi, so irin wanda ake yi wa masoyi, kuma littafin gaba ɗaya dabarar mutum ce ta faɗar abin da ba shi da ikon faɗa.

"Wa ya rubuta?" in ji Relja.

Ta turo masa ambulan ɗin.

Da hannu aka rubuta, da alƙalamin tawada. A zamanin nan! Shafi uku, layi a miƙe kamar an ja da igiya. Relja bai kai ga karanta ko jimla ɗaya ba ya gane rubutun. Shi ne rubutun da ya yi ta gyara masa aikin gida da jan biro tun yana aji ɗaya. Duk da haka sai da ya juya shafin ƙarshe, wai ko Allah zai sa ƙarya idonsa ke yi.

Gvozden Maletić, malamin adabi mai ritaya, Brestovnik.

Mahaifinsa.

"Ma'aikaciyar ɗakin karatu ta ce kwana uku a jere yana zuwa," in ji Farfesa. "Da kwat da laktaye. Ranar farko har ya roƙe ta ta ɗauke shi hoto riƙe da kundin, yana nuna mata sunanku a bango da ruwan zinare. Rana ta biyu bai gaishe ta ba. Rana ta uku ya nemi takarda."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Kun san doka, amma bari in maimaita muku ita. An buga hatimi, ko waƙafi ɗaya ba za a taɓa ba. Ko dai mai ƙorafi ya janye cikin kwana takwas, a sa ranar kare kundi. Ko majalisar sashe ta zauna a karanta takardar nan a bainar jama'a da sunan mai ita, ku tashi ku amsa wa ubanku a gaban farfesoshi arba'in da ba su da abin hira tun bazara. Ko kuma ku janye kundin."

"In na janye, sai in gyara in dawo da shi?"

"Wa'adinku na shekara shida zai cika ƙarshen watan nan. In kun janye, kun janye ke nan."

Ta cire tabarau ta murza idonta. Da ta sake magana ta ajiye "ku" ɗin nan na ofis.

"Relja, ya sani?"

"Ya san me?"

"Kar ka raina min hankali, na haifi wanda ya girme ka. Na karanta babin nan sau biyar. Wanda ya rubuta shi ba a littafi kaɗai ya koyi abin ba."

Ya sunkuyar da kai. "Bai sani ba."

"To da alama yanzu ya sani. Akwai motar ƙarfe sha ɗaya da rabi. Tashi ka tafi."

*

Awa uku a mota, Relja bai ga komai ta taga ba. Wayarsa ta yi ta motsi a aljihu. Andrija ne, masoyinsa, wanda suke zaune gida ɗaya shekara huɗu, wanda a Brestovnik ake kira "abokin hayar Relja", har mahaifiyarsa tana aiko masa da nasa kason na cuku don yaron kirki ne, yana taya ɗanta wanke-wanke. In biyo ka? Andrija ya rubuto. Relja ya rubuta a'a, ya kashe wayar.

Tsoro yake ji, tsoron da ya yi shekara goma sha biyar yana kaucewa. Ya shirya maganar nan a ransa ta fi a ƙirga, amma a duk shirin da ya yi shi ke zaɓar rana. Bai taɓa kawowa kundi zai riga shi isa gida ba.

Tun daga bakin titi ya jiyo ƙanshin. Kaka ta yi, 'ya'yan itacen lambu sun gama tsima a ganga, ana dafa rakija, barasar garinsu. Hayaƙi na tashi daga rumfar bayan gida.

Mahaifiyarsa Smilja ce ta fara hango shi, tana shanya a igiya.

"Yau na ga ikon Allah! Ba waya ba komai? Dube shi, kamar an tsamo kaza a ruwa. Ba a sayar da abinci a birnin naku ne?"

"Mama, ina Baba?"

"Ina zai je? Yana wajen matarsa ta kaka." Ta nuna rumfar da baki. Sai ta rage murya. "Sati guda ke nan ba ya cin abinci. Na tambaye shi, ya ce haƙori. Mutumin da haƙoran roba ne a bakinsa. In ka gano ka gaya min."

Ba ta san komai ba ke nan. Relja ya rasa ko ya ji sauƙi ko ya ƙara jin nauyi.

A rumfa, ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe na kan wuta, siririn bututu na ɗigar da rakija cikin bokiti. Gvozden na tsugune gaban murhu da tsohuwar rigar sanyi. Gefe guda maƙwabcinsu Tanasko ya baje kan kututture da ƙaramin kofi, wai shi ne mai ɗanɗano, aikin da ya naɗa kansa shekara talatin ba wanda ya roƙe shi.

"Kai! Dokta da kansa! Gvozden, tashi tsaye, manya sun iso!" Tanasko ya rungumo Relja ya sumbace shi sau uku a kumatu. "Dokta, ka duba min gwiwar nan mana."

"Ba irin wannan doktan ba ne, Kawu Tanasko."

"Na sani, irin wanda ba ya warkar da kowa ne. Ba komai, namu ne. Ka ji labari? Mota ta cika! Kujera hamsin da biyu, har ana rigima a kan ta ƙarshe. Ƙungiyar masoya Jevrem ce ta ɗauko ta. Shugaban makaranta zai je, limamin coci zai je, matar mai kantin magani ta ɗinka sabuwar riga. Alade na nan muna ta ɗura masa masara, shi kaɗai ne bai san me ake shiryawa ba. Ɗan garinmu zai zama dokta a kan marubucin garinmu, mu zauna a gida? Mu ne layin gaba!"

Relja ya dafe kai. Ya san kare kundi a buɗe ake yi, dangi kan zo da abinci su cika bayan zaure. Shi a lissafinsa mutum huɗu ne, su zauna su yi hamma har a gama. Ya manta da cewa kwamiti kan karanta taƙaitaccen kowane babi da ƙarfi.

"Ina Kum?" ya tambaya, don dai ya ce wani abu.

"Arsanmu? Ya tafi ɗebo itace. Ka san shi, in Gvozden ya yi atishawa shi ke share hanci." Tanasko ya tuntsire da dariya.

Haka duk garin ke kiran Vidoje, kum ɗin gidansu: Arsan Gvozden. Yabo ne. In uwa tana yi wa ɗanta faɗa a kan cin amana, da shi take misali.

"Tanasko," Gvozden ya ce ba tare da ya juyo ba, "ɗauki kwalbar nan ka kai wa matarka ta ɗanɗana."

"Ai ba ta sha."

"To ka taya ta."

Tanasko ya dubi uba, ya dubi ɗa, ya ɗauki kwalbarsa ya yi gaba. Mashayi ne, amma ba wawa ba ne.

Gvozden ya ɗauki itace guda ɗaya ya tura a wuta. Ɗaya kawai. Rakija ba ta son gaggawa, in wuta ta yi yawa ta ƙone, in ta yi kaɗan ta tsaya, dole zaren da ke zuba ya tsaya kaurin tsinken ashana. Duk abin da zai faru a duniya, Gvozden ba zai ɗauke ido daga zaren nan ba.

"Baba, na ga takardarka."

"Akwai kuskuren rubutu a ciki?"

"Babu."

"Madalla."

"Baba, shekara shida. In ba ka janye ba..."

"Na san doka. Na karanta ta a allon sanarwa, da tabarau biyu."

"To me ya sa? In ba ka yarda da abin da na rubuta ba, ga waya, ga ni. Sai ka kai ni gaban majalisa kamar ɓarawo?"

"Wa ya ce ban yarda ba?"



Gvozden ya miƙe a hankali, ya goge hannu a wando, ya zaro ƙaramin littafin rubutu daga aljihu.

"Ba su yarda a ɗauki hoton shafi ba, sai na kwafa da hannu. Zauna. Na ce zauna, ba na koyar da ɗalibi yana tsaye a kaina."

Relja ya zauna a kututturen Tanasko. Shekararsa talatin da ɗaya, amma sai ya ji shi a aji.

"Shafin farko. Sadaukarwa." Gvozden ya gyara murya. "'Ga Kum Vidoje, wanda ya fara ɗora min littafin nan a hannu, ya koya min cewa shirun mutum ma abin saurare ne.' Kai ka rubuta?"

"Ni ne. Kum ɗina ne, shi ya raɗa min suna. Wa ya fi shi cancanta? Da na sa sunanka cewa za ka yi na yi maka fadanci."

"Da kyau. Tarbiyya ke nan. Shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu." Ya juya. "'Arsa bai yi aure ba. Ya gina gidansa katanga ɗaya da na Damnjan. Shi ya raɗa wa ɗan Damnjan suna. Kowace Lahadi kujerarsa ɗaya a teburinsu. Mutanen gari sun kira wannan amana, shi kuma ya karɓi sunan da hannu biyu, domin shi kaɗai ne sunan da zai bar shi ya ci gaba da zama kusa da wanda yake so.'"

Ya rufe littafin.

"Kyakkyawar jimla. Da a ajina ka rubuta ta da na ba ka maki biyar bisa biyar cif. Yanzu amsa min, Dokta. A Brestovnik wa bai yi aure ba?"

Bai jira amsa ba ya ci gaba.

"Wa ya gina gida katanga ɗaya da nawa? Wa ya raɗa wa ɗana suna? Kujerar wa ce kusa da taga ranar Lahadi? Kuma da wane suna duk garin nan ke kiransa, har jariran goye?"

"A'a." Relja ya girgiza kai. "A'a, Baba. Duk wannan a littafin Jevrem yake, ba ni na ƙirƙira ba. Shekara ɗari yana nan."

"Shekara ɗari yana nan da riga a jikinsa! Kai ka tuɓe masa ita, ka kuma rubuta sunan mai rigar a shafin farko, don kada wani ya sha wahalar nema."

Wallahi sai a lokacin Relja ya gani. Shekara shida yana haƙar littafin nan yana neman kansa a ciki, kowane shafi ya buɗe fuskarsa yake gani, bai taɓa ɗaga kai ya dubi katangar gidansu ba. Kum Vidoje da ke fere wa Baba tuffa ya miƙa masa ba tare da an tambaye shi ba. Kum Vidoje da ya ƙi aikin jirgin ƙasa a birni sau biyu, wai iskar birni ba ta karɓe shi ba. Duk yana gani tun yana yaro, kamar yadda ake ganin bangon ɗaki. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya so ƙasa ta tsage.

"Ka sani," ya ce. "Kai ka sani."

Gvozden ya koma ya tsuguna gaban wuta.

"Tun ranar aurena. Sau biyu zobe na faɗuwa daga hannunsa. Jama'a suka yi dariya, wai kum ya fara sha tun da safe. Ni na juya na dube shi, ko ɗigo bai sha ba."

"Kai kuma..."

"Ni uwarka nake so, jiya da yau. Kar ka kawo min ra'inka nan." Ya nuna shi da itace. "Abin da yake so ba ni da shi, ban kuma taɓa yi masa ƙaryar ina da shi ba. Abin da nake da shi na ba shi: kujera a teburina, ɗa ya raɗa wa suna, da bakina a rufe. Na sani, ya san na sani, ko sau ɗaya ba mu ce uffan ba. Shekara arba'in. Ka ce ƙaramin abu ne, amma da shi mutumin nan yake fita kasuwa ana cire masa hula."

"Shekara talatin da shida kana koyar da littafin..."

"Kowace shekara in mun iso babin ɗaurin aure sai in ce su karanta a gida. In ba su jigo: amana. Kana tsammanin kai ka fara ganin tsagar bangon nan? Na gan ta tun ba a haife ka ba. Na gani na wuce, don na san wanda ke zaune a ƙarƙashinta."

Ya tura wani itacen.

"Yanzu ka hasko min ranar. Mutum hamsin da biyu a layin gaba, da limaminsu da aladensu. Shugaban kwamiti ya buɗe kundi ya karanta sadaukarwa, su yi tafi, Tanasko ya bugi kafaɗar Vidoje. Sai a zo babi na huɗu. Kana ganin za su dubi Arsa na cikin takarda? Gaba ɗaya wuyansu zai juya gefe guda. Shekararsa sittin da takwas, Relja. Ina zai koma? A motar nan zai dawo tare da su, awa uku."

"Sai a ce kar su zo."

"Ka taɓa hana Brestovnik zuwa inda aka yanka alade? In ka hana su ma za su ce me ake ɓoyewa, matar mai kantin magani ta tafi ɗakin karatu da ƙafarta."

"To ai takardarka ma tona asirin za ta yi! Majalisa za ta zauna a karanta ta da sunanka!"

"Ba za ta zauna ba. Na san ɗana. Ba za ka tsaya gaban mutane ka ƙaryata ubanka ba, janyewa za ka yi. Don haka na rubuta."

Ga shi nan, a fili. Gaba kura, baya sayaki. In Baba ya janye ƙorafi, Kum ya tozarta a gaban garinsu. In Relja ya janye kundi, shekara shida sun bi ruwa, tare da abu ɗaya tak da ya taɓa rubutawa da gaskiyar ransa. Ya ji rumfar ta matse, hayaƙi na shiga masa ido.

"Shekara shida, Baba," ya sake cewa, don ba shi da wata maganar.

"Shida a kan arba'in. Kai ne mai digiri, auna."

Zaren rakija ya fara rawa. Gvozden ya janye garwashi kaɗan ya daidaita shi, sannan ya juyo gaba ɗaya, karo na farko tun shigowar Relja.

"Abu ɗaya ya hana ni barci, shi nake so ka gaya min. Wa ya faɗa maka?"

"Ba wanda ya faɗa min."

"Uwarka ce? Ta gane ne ta yi shiru?"

"Mama ba ta ce min komai ba."

"To wa? Wani a gari ya sani? In akwai mai yawo da maganar nan gara in sani yau."

"Baba, na rantse da kabarin Kaka, ban sani ba sai yanzu da ka faɗa. Ko a mafarki ban kawo Kum a babin nan ba."

Gvozden ya ƙura masa ido. Malami ne, ya san fuskar yaro mai ƙarya, ya kuma ga wannan ba ita ba ce.

"Ba ka sani ba," ya maimaita a hankali.

"Ban sani ba."

"Ni na gani don ina tsaye a cocin, zobe ya faɗi a ƙafata. Dubban yara sun bi ta hannuna, masu ƙwaƙwalwa kamar wuta, ko ɗaya bai gani ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shafi sittin ka rubuta a kan yadda mutum ke zama a tebur yana dariya alhali yana ƙirga kowace kalma kafin ta fita. Yadda yake koyon inda zai ajiye idonsa. Na karanta na ce wannan wani ne ya zaunar da shi ya ba shi labari."

Gvozden ya matso kusa da shi.

"Dube ni, ɗana. In ba Vidoje ka rubuta ba, wa ka rubuta?"

Relja ya buɗe baki.

Sai ƙarar itatuwa da suka zube a ƙasa.

Su biyun suka juya. Kum Vidoje na tsaye a bakin rumfa, dogo, siriri, hularsa a karkace, ɓawon itace a manne a rigarsa. Ba wanda ya san tun yaushe yake wurin. Fuskarsa ta yi fari fat, amma da ya yi magana muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Ƙyale yaron nan, Gvozden. Rantsuwar banza ya yi don ya rufa min asiri."

"Vidoje..."

"Ni na gaya masa. Da bakina, shekara bakwai da suka wuce, a ƙarƙashin bishiyar can. Na ce ya rubuta. Na gaji da shiru ne, shi ke nan. Shi ba ruwansa, alƙalami kawai ya ara min."

Ƙarya ce. Ba a taɓa yin zaman nan ba. Relja ya dubi Kum ɗinsa, tsohon ya dube shi, ya girgiza kai kaɗan yadda Gvozden ba zai lura ba: yi shiru, na ɗauka.

Bayansu zaren rakija ya yi kauri ya fara malala, ba wanda ya kula. Gvozden ya dubi amininsa na shekara arba'in, sannan ya juyo da jajayen idanu kan ɗansa.

"Relja. Gaskiya ya faɗa?"